Faifan DVD ya ƙi buɗuwa: Matsalar da ta wuce ta kwamfuta a ƙasar Birnin Gwari

Idan ka ce wa matashin Kaduna ko Kano kwamfutarka ta ƙi yi maka bonin ɗin faifan DVD, dariya zai fara yi, sannan ya tambaye ka wace shekara kake ciki. Yana da gaskiyarsa. Shi fim a YouTube yake kallo, waƙa a Audiomack, hotunan bikin yayarsa kuma sun gama zaga WhatsApp da TikTok tun kafin a kai amarya. To amma a ƙasar Birnin Gwari, daga Gayam zuwa Kakangi, daga Randagi zuwa Kuyello da Dogon Dawa, akwai gidajen da faifan nan mai ƙyalli shi kaɗai ne ya rage musu da fuskar mahaifinsu yana magana, ko hoton unguwarsu lokacin da take cike da mutane.

Ni ɗan mazaɓar Gayam ne, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar, kuma abin da nake so mu duba yau shi ne yadda wata ƙaramar matsalar kwamfuta ta haɗu da babbar matsalar tsaro. A ƙarshen watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi 'yan bindigar da aka ce sun tuba, aka kuma sake buɗe kasuwar kara da ta yi shekaru a rufe. Tun daga nan ake ta muhawara a kan sulhun: wasu na murna da buɗewar hanya da komawa gona, wasu na cewa a bi sannu, an taɓa yin irinsa a Zamfara da Katsina bai ɗore ba. Wannan muhawarar tana da masu ita. Amma a duk lissafin asarar da ake yi, ana ƙidaya rayuka da shanu da gonaki da makarantun da aka rufe, ban ji ana ƙidaya hotuna da muryoyi ba. Kuma su ma suna salwanta, a hankali, cikin leda da ƙasan akwati.

Kafin wayar Android ta zama ruwan dare a ƙauyukanmu, idan ana biki ko suna ko saukar Alƙur'ani ko naɗin sarauta, mai ɗaukar bidiyo ake ɗauko wa haya. Ya zo da kyamararsa, ya yini yana bin mutane, ya koma gari ya tace a kwamfuta, ya sa waƙa a ƙasa da rubutun sunayen ango da amarya, bayan kwana biyu ya kawo faifai a cikin ɗan kwali. Shi ke nan. Shi mai ɗaukar ba ya ajiye komai, don rumbun kwamfutarsa ƙarami ne, gobe akwai wani bikin. Saboda haka faifan da ya ba ka shi ne asali, shi ne kwafi. Haka wa'azin malaman gari da tafsirin azumi da wasan ƙwallon ƙarshe na gasar unguwanni suka shiga faifai. Wasu daga cikin garuruwan da aka ɗauki waɗannan bidiyoyi an tashe su. Wanda ya tuna harin Gwaska na watan Mayun 2018, ko yadda mutanen Damari suka yi ta ficewa a 2022, ya san abin da nake faɗa.

Yadda faifai ya samu gindin zama a wajenmu kuwa, Kannywood ce sila. Tun daga Turmin Danya a 1990 finafinan Hausa suka taso a kaset ɗin bidiyo, daga baya aka koma faifan VCD, sannan DVD. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ce cibiyar, daga can kaya ke bazuwa har rumfunan ƙauye. Saboda fim ne mutane suka sayi na'urar DVD, saboda na'urar tana gida ne mai ɗaukar bidiyon biki ya samu kasuwa, saboda kasuwar ce kuma ake samun faifai fanko a kowane shagon kaset da mai gyara a kowace tasha. Da masu tura fim a waya suka bayyana, ka ba da memori a zuba maka finafinai da 'yan canji kaɗan, sai kasuwar faifai ta durƙushe. Arewa24 ta fara aiki a 2014, masu shirya fim suka koma dogon zango, irin su Labarina da Izzar So suka ja 'yan kallo zuwa talabijin da YouTube. An yi ta kuka a kan asarar da furodusoshi suka yi. Wanda ba a yi wa kuka ba shi ne mai faifan biki a ƙauye, wanda ya wayi gari babu mai sayar da fanko mai kyau, babu mai gyaran na'ura.

A waje ma labarin ke nan. Kamfanin Netflix, wanda da aika wa mutane faifan DVD ta gidan waya ya fara kasuwanci a Amurka, ya rufe wannan sashen a watan Satumban 2023. Sony ta daina ƙera faifan Blu-ray na ɗauka a watan Fabrairun 2025. Sababbin laftof ba sa zuwa da wurin sa faifai, sai dai tsofaffin da ake kawowa na hannu. Microsoft ta cire manhajar haɗa faifan bidiyo da ke cikin Windows Vista da Windows 7, tun daga Windows 8 ma kwamfuta ba ta kunna fim ɗin DVD da kanta sai ka sa mata wata manhaja irin VLC. Ma'ana, na'urorin da ke karanta faifai suna ƙarewa da sauri fiye da yadda faifan kansu ke lalacewa.

Wani zai ce, to ai sai a ɗora komai a intanet a huta. Wanda ya zauna a yankinmu a 2021 ba zai faɗi haka da ƙarfin gwiwa ba. A farkon Satumban shekarar aka katse layukan waya a Zamfara, a ƙarshen watan kuma gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta yi hakan a wasu sassan Kaduna, Birnin Gwari na ciki. Sai a ƙarshen Nuwamba aka sanar da maido da su. Wata biyu cur, abin da ka ajiye a Google ko Facebook yana nan amma ba naka ba ne, don ba ka da hanyar kai wa gare shi. Ko yanzu da sabis ɗin ya dawo, ɗora bidiyon awa biyu daga ƙauye aiki ne na kwana da kwanaki da kuɗin data mai yawa. Waya kuwa ita ce abu na farko da ake ƙwacewa idan an tare hanya. Memori ya fi kowa cin amana: yau yana aiki, gobe waya ta ce sai an goge shi, ga na jabu da ke nuna giga 32 alhali abin da ke ciki bai kai rabin rabi ba, sai ka cika shi ka ga fayiloli sun zama fanko. Shi ya sa nake ganin da tsohuwar zuma za a yi wannan maganin. Muna buƙatar iya karanta tsohon faifai, muna kuma buƙatar iya buga sabo, ko da a matsayin kwafi na biyu ne.

To bari mu shiga cikin kwamfutar.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne faifan kamfani daban, faifan bonin daban. Na kamfani, da inji ake danna bayanan a jikin roba, kamar hatimi. Na bonin kuwa, wato DVD-R da DVD+R, akwai wani siririn rini a cikinsa, hasken leza ne ke ƙona ɗigo-ɗigo a jikin rinin, shi ya sa ake kiran aikin bonin. Idan ka juya shi za ka ga cikinsa ruwan shuɗi-shuɗi ko ruwan goro mai duhu, ka kuma ga iyakar inda rubutun ya tsaya. Rini kuwa ba ya shiri da zafi da hasken rana da laima. Ɗakin kwano a watan Afrilu, ko akwatin da ya sha damina a ƙasa, duk suna rage masa kwana. Saboda haka faifan biki na iya mutuwa ba tare da ko ƙarzane ɗaya a jikinsa ba, alhali tsohon fim ɗin Indiya na kamfani da ke kusa da shi yana nan garau.

Idan bonin ya tsaya a tsakiya, kwamfuta ta tofo faifan da saƙon kuskure, wuta za ka fara zargi. Leza tana son ta yi rubutunta a jere ba yankewa. Aka ɗauke wuta, ko janareto ya yi tari, kwamfutar tebur da ba ta da batirin tsaro ta mutu, faifan ya tashi aiki, don DVD-R sau ɗaya ake rubuta shi. Laftof mai batiri mai rai ta fi dacewa da mu. Idan na'urar bonin ɗin ta waje ce, wadda ake jonawa ta USB, a lura cewa tana jan wuta sosai lokacin rubutu. Wasu ramukan USB ba sa ba ta isasshe, sai ta karanta faifai lafiya lau amma ta kasa rubutawa. Shi ya sa wasu ke zuwa da waya mai kai biyu. A jona duka biyun, kai tsaye a jikin kwamfuta, kada a bi ta ɗan akwatin nan mai raba rami ɗaya zuwa huɗu, kuma laftof ɗin ta kasance a caji.

Sai gudu. A jikin faifai za ka ga an rubuta 16x, manhajar kuma ta zaɓi mafi sauri da kanta. A wannan gudun ana cika faifai cikin minti shida ko makamancin haka, a 4x kuwa sai an yi kusan kwata. Masu shago suna son na farkon saboda layi. Amma tsohuwar na'ura da faifai mai araha idan aka haɗa su da gudu, rubutun kan fito da rauni: kwamfutar da ta buga shi ta karanta, na'urar gida ta yi ta tsalle ko hoto ya daskare, musamman wajen ƙarshen fim, don faifai daga tsakiya yake fara rubutu ya nufi baki, kuma a bakin ne ya fi yin rawa. Ka rage zuwa 4x ko 8x. Kuma lokacin da ake bonin a bar kwamfutar ta yi aikin da ke gabanta, ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Na'urorin zamani suna da dabarar ci gaba idan bayanai suka yanke musu na ɗan lokaci, amma tsohuwar kwamfuta da aka cika wa ciki da tace bidiyo da kallon fim a lokaci guda tana iya ɓata maka faifai.

Akwai kuma lissafin girma da ke rikita mutane. An rubuta 4.7GB a kwali, kai kuma fayil ɗinka 4.5 ne a Windows, amma manhaja ta ce ba zai shiga ba. Ba cuta ba ce, ƙidayar ce ta bambanta. Masu ƙera faifai da dubu-dubu suke lissafi, Windows da 1024, shi ya sa faifan 4.7 yake ɗaukar kusan 4.37 kawai a idon kwamfuta. Akwai mai hawa biyu na 8.5GB, amma ya fi tsada, ya fi wuyar samu, kuma tsofaffin na'urori sun fi yi masa gardama. Gara ka raba bidiyon gida biyu.

Idan duk faifan da ka sa kwamfuta ta ce babu komai a ciki, ko ta yi ta juyi tana ƙara ba ta gane shi ba, ƙura ce ko tsufa. Ƙurar hunturu tana zama a kan ɗan idon gilashin da leza ke fitowa. A laftof idon a fili yake da ka jawo tiren, ana iya share shi a hankali da auduga mai tsinke da ɗan sifirit, kwamfuta a kashe, ba dannawa. Wani abin mamaki da ke sa mutane zargin faifai a banza: na'ura na iya karanta CD ta ƙi DVD, ko akasin haka. Dalili shi ne hasken leza iri biyu ne a ciki, ɗaya na CD ɗaya na DVD, kuma ɗaya na iya mutuwa ya bar ɗan'uwansa. Idan haka ta faru babu manhajar da za ta gyara, sai canjin na'ura.

Matsalar da ta fi yawa a wajen samarinmu dai ita ce wadda bonin ya kammala lafiya, kwamfuta ta ce an gama, aka kai gida aka sa a na'ura gaban iyali, talabijin ya nuna babu faifai. Nan fa ake fara zagin mai shago. Yawanci abu uku ne.

Na farko, bambancin faifan ajiya da faifan kallo. Idan ka jawo fayil ɗin MP4 daga waya ka jefa a faifai, ka yi faifan ajiya ne, kamar filash. Tsohuwar na'urar DVD ba ta san MP4 ba. Ita tana neman folda mai suna VIDEO_TS, da fayilolin VOB da IFO a ciki, bidiyon kuma a tsarin MPEG-2. Sai an bi ta manhajar da ke juya bidiyon ta shirya shi a wannan tsarin, irin su Nero ko DVDStyler, kafin a buga. A nan ne kuma za a tambaye ka PAL ko NTSC. Najeriya PAL take amfani da shi, Amurka NTSC, kuma manhajoji da yawa na Amurka suke zaɓa da kansu. Tsohon talabijin na iya nuna maka shi baƙi da fari ko yana birgima.

Na biyu, rufe faifai. Da ka sa fanko, Windows kan tambaye ka ko kana so ka yi amfani da shi kamar filash, ko kuwa don na'urar CD da DVD. Na farkon yana barin faifan a buɗe don ka riƙa ƙara abu, kuma na'urar gida ba ta karanta buɗaɗɗen faifai. Zaɓi na biyun. Wannan matsalar ta fi muni a faifan da aka ɗauka da kyamarar nan mai ƙaramin faifai, ko na'urar ɗaukar DVD ta tebur. Idan mai ɗaukar ya manta bai rufe shi ba, bidiyon yana ciki amma babu abin da zai nuna shi sai irin na'urar da ta rubuta shi, ko manhajar ceto irin IsoBuster. Don Allah wanda ke da irin wannan kada ya jefar, kada kuma ya yarda idan kwamfuta ta ce a goge shi a shirya shi sabo. A makaranta ma muna ganin haka. Wani shagon buga takardu ya taɓa ba ni faifan aikin aji da ya buɗe a kwamfutarsu ya ƙi buɗewa a ta sashenmu, kuma abin da ya faru ke nan, an bar shi a buɗe.

Na uku, alamar ragi da ta tarawa. DVD-R da DVD+R kamfanoni ne daban-daban suka fito da su suna gasa. Na'urorin baya-bayan nan suna cin duka biyun, amma tsofaffi sosai sun fi jituwa da mai alamar ragi. Idan na'urar gidanku ta tsufa, shi za ka nema.

Kuma duk manhajar da kake amfani da ita, ImgBurn ce ko Nero, akwai wurin da za ka zaɓa ta sake karanta faifan bayan ta gama, ta gwada shi da asalin fayil ɗin. Minti kaɗan yake ƙarawa. Masu shago ba sa yi. Kai ka yi.

Wannan duk na buga sabo ne. Wanda ya fi gaggawa shi ne ceto tsoho. Idan faifai ya yi datti, a wanke shi da ruwa mai tsabta da ɗan sabulu mai laushi, a share da ƙyalle mai taushi daga tsakiya zuwa baki, a miƙe, ba a zagaye ba. Rubutun a zagaye yake tafiya, ƙarzanen da ya bi zagayen yana cinye dogon layi, wanda ya ratsa shi kuwa na'ura na iya cike gurbinsa. Kada a lanƙwasa shi wajen cirewa daga kwali: DVD roba biyu ce aka manne, bayanan suna tsakiya, idan mannin ya buɗe daga baki ko daga ramin tsakiya an gama. CD kuma akasin haka ne, bayanansa suna dab da saman da ake rubutu, shi ya sa biro ke kashe shi. Faifan da wata na'ura ta ƙi, a gwada shi a ta biyu da ta uku kafin a yanke ƙauna, don idanunsu ba ƙarfi ɗaya ba ne.

Da ya buɗe, kada a tsaya kallo ana tuna baya. A kwafe tukuna, don mai yiwuwa wannan ne karo na ƙarshe da zai buɗe. A kwashe foldar VIDEO_TS gaba ɗayanta, ko a sa ImgBurn ta mayar da faifan fayil guda na ISO. Idan kwafin yana tsayawa a wuri ɗaya, akwai manhajar ddrescue ta masu Linux da ke tsallake wurin da ya lalace ta kwashe sauran, sannan ta dawo ta yi ta gwada mai ciwon. Rasa minti biyu ya fi rasa awa biyu. Bayan nan sai a yi amfani da HandBrake a fitar da MP4 da za a iya kallo a waya, amma a ajiye asalin, kada a goge don an samu ƙarami. Wani tarko a nan: filash da memori da yawa suna zuwa a tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4. Sai ka ga fili ya ishe ka amma ISO ya ƙi shiga. Sai an mayar da filash ɗin exFAT ko NTFS, kuma yin hakan yana share duk abin da ke kansa, a kwashe kafin a taɓa.

Masu harkar adana bayanai suna da ƙa'ida: kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ga mutumin Gayam fassararta ita ce ɗaya a rumbun kwamfuta ko filash, ɗaya a sabon faifai, ɗaya kuma a hannun ɗan'uwa a Kaduna ko Zariya ko Funtuwa. Wannan na ƙarshen ya fi muhimmanci a wajenmu fiye da ko'ina, don mun ga yadda gida ke ƙonewa da duk abin da ke cikinsa a dare ɗaya.

Tambayar ita ce wa zai yi aikin. Dattijon da ke riƙe da faifan ba shi da laftof. Muna da cibiyoyin adana tarihi: Arewa House a Kaduna ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ofishin adana takardun tarihi na ƙasa shi ma a Kaduna, da ma'ajiyar finafinai da sauti ta Hukumar Finafinai ta Najeriya a Jos. Amma an gina su ne a kan takardun gwamnati da littattafan malamai da finafinan da aka yi don jama'a. Bidiyon sunan jariri a ƙauye ba shi ne abin da suka saba nema ba, ko da yake nan da shekara 30 mai binciken da ke son sanin yadda garuruwan dajin nan suke kafin rikici, irin gininsu da suturarsu da kiɗansu da yadda Hausawa da Fulani da Gwarawa ke cuɗanya a wajen biki ɗaya, a irin wannan bidiyon zai gani. Ni a ganina aikin na kusa ne: masarautar Birnin Gwari ƙarƙashin Mai Martaba Malam Zubair Jibril Maigwari II, ƙungiyar BEPU da ta daɗe tana magana da yawun yankin, da mu ɗaliban da ke dawowa hutu da laftof a jaka. Kayan aikin ba su da yawa: laftof ɗaya, na'urar DVD ta waje guda biyu, rumbun ajiya biyu, da sola. Ranar kasuwa a zauna a makaranta ko ƙofar fada, kowa ya kawo nasa.

Waɗanda suka fi kowa iya aikin kuwa su ne samarin rumfunan caji da tura finafinai. Su da aka ce sun kashe kasuwar faifai, su ne ke da kwamfuta da haƙurin zama da sanin wace manhaja ke juya wane fayil. Sai dai a nan ne nake da fargaba, kuma ba ƙarama ba ce. Sana'arsu ta ginu ne a kan abin da ya shiga kwamfuta ya zama na kowa. Bidiyon biki kuwa akwai matan aure suna rawa a cikin gida a ranar kamu, waɗanda suka yarda a ɗauke su don 'yan'uwa su gani, ba don TikTok ba. Mun san auren da irin wannan ya girgiza. A yankinmu abin ya ma wuce nan. Bidiyon yana nuna wane ne mai hali a gari, wa ya yi liƙi da yawa, ina ƙofar gidan take, wane saurayi ne ke cikin 'yan sa-kai. Sulhu bai goge matsalar masu kai rahoto ba, kuma wanda ke neman wanda zai ɗauka ba ya buƙatar fiye da haka.

Saboda haka duk wanda zai kai faifansa a kwafe masa, ya tsaya a kan aikin har a gama, a zuba a filash ɗinsa, a goge na kan kwamfutar a gabansa, har da kwandon sharar. Idan kuma ƙungiya ce za ta tara, to tun kafin a karɓi faifai na farko a rubuta wa ke da ikon kallo, wa ke riƙe da rumbun, kuma mai faifan ya zaɓa da bakinsa: a ajiye masa kawai, ko a bar masu bincike su gani bayan wasu shekaru, ko a mayar masa ba a riƙe komai ba. A kuma rubuta a jikin kowane fayil sunan garin da shekarar da irin taron, tun masu iya gane fuskokin suna raye. Bidiyon da babu wanda ya san ko a ina aka ɗauke shi, rabinsa ya riga ya ɓata.

Hutun ƙarshen zango na tafe. Na'urar DVD ta waje har yanzu ana samunta a shagunan kayan kwamfuta a Kaduna da Kano, sabuwa da ta hannu. Wanda zai saya ya tafi da tsohon faifan bonin a aljihu, ba na kamfani ba, ya sa a gwada masa karatu da rubutu a gabansa kafin ya biya.